A Gaishe da Masu Kishin Gargajiya

Duk wanda ya ce Bahaushen yau ba ya girmama kayan kakanninsa, to bai saurari bakinsa ba ne. Da wuya a sami al'ummar da ta tanadar wa tsofaffin abubuwa kalmomi masu zaƙi kamar mu. Muna da “na gargajiya”, muna da “kayan tarihi”, muna da “na dauri”, muna da “gadon kaka da kakanni”. Ga kuma uwarsu duka, wadda ba a faɗin ta sai an langaɓar da kai an lumshe ido: “Allah sarki, mutanen da!” In ka ji yadda babban ma'aikaci ke furta wannan a gaban akushi ranar baje kolin al'adu, sai ka rantse a cikinsa ya ci tuwon daren jiya. A farantin tangaran ya ci, da cokali mai yatsu, amma wannan ba zai rage masa lada ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ladabin da ke tsakanin kalmomin nan. Kowace ta san lokacinta, ba ta shiga gaban 'yar'uwarta. Muddin abu yana da rai, yana hannun mai shi, yana yi masa aiki, to sunansa ƙauyanci, ko gidadanci, ko tsohon yayi. In an tausaya masa a ce “na mutanen karkara”. Ranar da ya daina amfani aka rataye shi a bango, ranar ake yi masa ƙarin girma ya zama na gargajiya. Ƙwaryar da Bafulatana ke dama fura a cikinta a bakin tasha, ita ce ɗan boko zai yatsine fuska ya ce a juye masa a roba, shi ba ya son ƙazanta. Ɗaya ɓarin duman kuwa yana can maƙale a bangon wani otal a Abuja, an haska shi da fitila, kuma ɗan bokon nan ne dai tsaye a gabansa yana ɗaukar hoto. Wannan ba munafunci ba ne, kada wani ya yi mana sharri. Tarbiyya ce. Mu mutane ne da ba ma zagin mamaci, kalmar gargajiya kuwa likkafani ce fara fes, kuma ba a taɓa jin an ɗinka wa mai rai likkafani ba.

Mu je badalar Kano, don a nan gwanintarmu ta kai maƙura. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Mutanen wancan zamani, da yake ba su waye ba, ba su san badala abin tarihi ce ba. Sun ɗauke ta ganuwa kawai, abin kare gari, saboda haka in damina ta ci wani sashe sai a yi gayya a kwaɓa ƙasa a yaɓe. Haka suka yi ta wahalar da kansu shekaru ɗaruruwa, babu taron ƙara wa juna sani, babu kwamiti, babu ko allon sanarwa. A 1903 Turawa suka zo da igwa suka ci garin, amma ganuwar ta tsaya a inda take, har Gwamna Lugga ya rubuta a rahotonsa cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. To abin da igwa ta kasa, mu muka gama shi da diga da shebur da takardar mallakar fili. Mai son ƙasar gini ya ɗiba, mai son shago ya yanka, mai gidan mai ya share, mai shara ya zuba a kan abin da ya saura. Kuma duk cikinsu babu wanda ya yi da ƙiyayya. Tare kowannensu ka tambaye shi, zai dafa ƙirji ya ce maka badala ita ce abin alfaharin Bakano, wanda bai san ta ba bai san Kano ba. Gaskiya ya faɗa. Ya san ta ciki da waje, da ita aka gina katangar gidansa.

Tun 2007 sunan ganuwar yake cikin jerin wuraren da Nijeriya ke fatan hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya. Muna nan muna jira cikin haƙuri. Don kuma kada masu binciken hukumar su sha wahalar zagaye a ranar Kano mai zafi, muna rage musu tsawonta kowace shekara. In Allah ya yarda ranar da za su iso, a tsaye wuri guda za su gama duba ta, su koma masauki kafin azahar.

Sai ƙofofi. Ƙofar Na'isa tana da aibi guda wanda ba ya gyaruwa: waɗanda suka gina ta raƙumi da jaki da mahayin doki suka auna, ba su yi tunanin tirela ba. Wannan ganganci nasu ne, ba namu ba. A 2010 aka rushe ta domin a faɗaɗa titi, aka tayar da wata a madadinta da siminti, da kwalliya irin ta gargajiya, aka mayar mata da sunanta. Ga shi yanzu muna da ƙofa mai ɗaruruwan shekaru wadda samarin unguwar da yawa suka girme ta. Wace ƙasa ce ta iya wannan? Su Masar suna can suna fama da tsofaffin duwatsu masu ƙura, mu kuwa tarihinmu sabo ne dal, ko fenti bai gama bushewa ba. A 2023 ma, lokacin da gwamnati ta yi rusau a Kano, an ba da sanarwar cewa za a yi amfani da ɓaraguzan gine-ginen da aka rushe wajen gyara badala. Na jinjina wa wanda ya kawo wannan shawara. Ƙasar badala ta tafi ta zama shago, shago ya dawo ya zama badala, ba a yi asarar komai ba sai badalar.

Magina su ne suka fi cin moriyar wannan karamci namu. A da magini mutum ne mai sarauta, akwai Sarkin Magina a fada, kuma Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, Babban Gwani ake kiran sa har yau. Mutum ne da ya ɗauki tubali da azara ya ɗaura bakan gizo, ya rufa ɗaki mai faɗin da yau sai an kira injiniya an sayi rodi. Jikokin sana'arsa mun 'yantar da su daga wannan bauta. Wanda ya san yadda ake jiƙa makuba a shafe bango ruwa ya riƙa zamewa, wanda ya san ɗaurin guga, wanda ya iya fitar da zanko ya zana dagi a goshin zaure, yanzu yana ɗaukar bulo a kai ana biyan sa kuɗin yini, hankalinsa kwance. Mun gaya masa gidan ƙasa alamar talauci ce, ya kuwa yarda, shi ma ɗakin siminti yake tara kuɗin ginawa. Ɗakin soro yana da wata mummunar ɗabi'a: da bazara sanyi, da hunturu ɗumi, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Ina amfanin ɗakin da ba ya buƙatar fanka? Da me mai sayar da janareto zai ci abinci? Gidan bulo mai rufin kwano shi ne gidan mai zuciya. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ka shiga ciki ka kwanta, wuta ta ɗauke, ka yi ta juyi kana zufa kana gode wa Allah da ya fitar da kai daga duhun kai. In abin ya yi tsanani ka ɗauki tabarma ka fita waje, ka bi ta gaban wani tsohon soro da bai riga ya faɗi ba, ka ce “Allah sarki, ginin mutanen da, akwai ban sha'awa.”

'Yan'uwanmu na Nijar, sai dai mu yi musu addu'a, har yanzu ba su kamo mu ba. A ƙauyen Yama, cikin jihar Tawa, wani magini mai suna Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa hasumiyoyi da kwalliya, har a 1986 aka ba ginin kyautar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan gine-gine na duniya. A Dandaji kuma, maimakon a rushe tsohon masallacin ƙasa kamar yadda wayewa ta tanada, sai Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka mayar da shi ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Mutanen Agadas su ma sun nace wa yaɓe hasumiyarsu mai tsawon mita 27, shi ya sa a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Ka ga illar rashin sanin kalmomi. Da sun san abin nasu na gargajiya ne, da tuni sun huta.

Marinar Ƙofar Mata kuwa, ita ce gimbiyar wuraren kai baƙi. Allon da ke bakinta ya ce 1498, kuma babu jakadan da zai zo Kano a bar shi ya koma bai leƙa karofi ba. Lokacin da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar da saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin garin, tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Turkuɗin Kura shi ne rawanin Buzaye. A wancan lokaci babu mai cewa rini abin sha'awa ne. Wari ne da shi, na baba da toka da katsi, hannun marini kuwa ba ya fita har ya mutu. Sana'a ce kawai, mai ciyar da dubban gidaje. Mu ne muka gano kyanta, bayan mun koma Kantin Kwari muna sayen shadda da atamfar da aka buga a Sin. Yau mafi yawan rijiyoyin sun bushe, wasu sun cika da shara, 'yan dattawan da suka rage suna tsoma ƙyalle suna ɗagawa domin mai kyamara. Mai ziyara zai ce “kai, abin al'ajabi, a ce har yanzu ana yi!”, ya sayi ɗan ƙyalle guda na shimfiɗa a tebur, ya tafi da zuciya fara. Masaƙun zamani na Kaduna ma, irin su KTL da aka buɗe a 1957, sun bi sahu sun rufe. Su ba su daɗe da mutuwa ba, shi ya sa har yanzu “matsalar tattalin arziki” ake kiran su. A ba su shekara hamsin, za su samu nasu sunan mai daɗi.

Dalar gyaɗa ta riga ta samu. Tana cikin littattafan makaranta da jawaban 'yan siyasa, kowa yana alkawarin dawo da ita. A farkon 2022 har dalar shinkafa aka jera a Abuja, aka yi hoto, aka watse.

Ajami shi ne ya fi ba ni tausayi saboda yawan girman da aka ɗora masa. Da shi Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙinta na Hausa, da shi sarakuna suka yi wasiƙu, fatake suka riƙe lissafi. Da boko ya zo, Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, sai ajami ya fara hawa matakan daraja har ya kai matsayin “rubutun gargajiya”. Albarkar wannan matsayi, dattijon da zai rubuta maka wasiƙa shafi uku da alƙalamin kara ba tare da kuskure ba, in an zo cike takarda a ofis sai a miƙo masa tawada ya dangwala yatsa, a rubuta cewa bai yi karatu ba. A 2007 aka cire ajami daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 aka cire daga naira 100. An bar shi a kan 200 da 500 da 1000. Dubi adalci: an ɗauke shi daga kuɗin da ke yawo a hannun masu karanta shi, an bar shi a kan wanda ke kwana a aljihun masu ganin sa kamar zane. Sai dai tsadar rayuwa ta zo ta ɓata wannan tsari, don yanzu naira dubu ma kuɗin almajiri ce.

Ta fannin abinci ba sai an ja magana ba. Zogale da kuka da acca abincin wanda ba shi da hali ne, har zuwa ranar da aka ji Turawa na saye. Tun da Tarayyar Turai ta amince da garin 'ya'yan kuka a 2008, aka fara ganin zogale a cikin kwalba da rubutun Ingilishi, sai matan manya suka tuna ashe kakarsu ta sha gaya musu. Daddawa dai tana nan tana jiran nata Baturen. Haka fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi ɗaruruwan shekaru tana ƙetare Sahara ana sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko, mu kuwa muna kiran dukawa masu aikin gargajiya muna sayen takalmin Italiya.

Kada a ce abin ya tsaya kan ƙwarya da tubali. Mun yi wa sarauta ma irin wannan hidima. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe abin da ya rage, sannan aka naɗa musu suna mai nauyi: sarakunan gargajiya, iyayen ƙasa. Uba ne wanda ɗansa ke iya sallamar sa da takarda guda, ya raba masa gida biyar in ya ga dama, wani ɗan ya zo ya sake haɗewa. A watan Disamba 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun da duniya ke alfahari da su. Aka yi ta murna, aka yi ta taya juna barka. A babbar sallar da ta gabaci sanarwar, 'yan sanda sun hana hawan saboda rigimar masarauta; a ƙaramar sallar da ta biyo baya ma suka sake hanawa. Dawakai suka huta, lifidi bai yi ƙura ba, algaita ba ta dushe ba. Wace kulawa ta wuce wannan? Al'adar da ake yi kowace shekara tana iya tsufa, wadda aka ajiye a takardar shaida kuwa babu abin da zai same ta.

Ina kuma miƙa gaisuwa ta musamman ga makarantun kuɗi, waɗanda suka ware rana guda cur a shekara domin al'ada. Ranar nan za ka ga yara an naɗa musu rawani ya rufe ido, 'yan mata an ɗaura musu saƙi an ɗora musu ƙwarya, an aro turmi da taɓarya daga gidan mai gadi. Za a sa waƙar Shata ko ta Ɗan Maraya a lasifika, a kawo dambu da fura a jera a tebur, shugabar makaranta ta yi jawabi da Ingilishi kan muhimmancin harshen uwa. Washegari yaron da aka ji ya ce wa abokinsa “ba ni biro” za a ci shi tara. Iyaye suna biyan kuɗi mai yawa domin wannan, kuma suna samun abin da suka biya: yaro ya tashi ya san kakarsa abin sha'awa ce, yana son ya yi hoto da ita, sai dai ba ya jin abin da take cewa.

Saura aiki kaɗan, kuma na san ba za mu gaza ba. Akwai masu taurin kai da har yanzu suka ƙi shiga tarihi. Maƙera suna nan suna ƙera fartanya manoma na saye, masu tukwane suna gina randa ana shan ruwan sanyi ba da wutar lantarki ba, wanzamai suna yawo da zabira, mata a ƙauye suna saƙa faifai suna rufe abinci da shi kamar ba su san kayan ado ba ne. Waɗannan su ke ɓata mana lissafi, don ba dama a yabe su yadda ya kamata alhali suna tsaye da ƙafarsu suna neman a biya su kuɗin aikinsu. Shawarata ga hukuma ita ce a kafa kwamiti mai ƙarfi, a ba shi motoci da ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, ya zagaya ya ƙidaya su, ya gaya wa kowannensu irin karramawar da ke jiran sa da zarar ya rufe rumfa. A kuma ware kuɗi a kasafin baɗi domin a ƙera babbar randa ta siminti a wani shataletale, a yi mata fenti ja, a ja mata famfo daga tankin roba.